Allah Ba Ya Kunyar Ɗan Fari

Ban taɓa riƙe alƙalami ba. Faɗa nake yi matar fastonmu tana rubutawa, na kuma gaya mata in ta ji na yi shiru ta jira ni, kuka ne, zai wuce. Damina biyu ke nan da rasuwar maigidana, har yau in na tashi tuƙa tuwo sai in ga na ɗebo garin mutum biyu.

Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Funtua, inda in ka hau tudu ba abin da za ka hanga sai masara da auduga. Iyayenmu Maguzawa ne, kuma wajen kunya ba mu bar wa maƙwabtanmu Musulmi komai ba. Sunan maigidana bai taɓa fita bakina ba. In na haɗu da mai irin sunansa sai in ce masa mai sunan maigida. Da na haifi ɗana na fari kuwa, sai da tsofaffi suka yi ta yi mini faɗa kafin in ba shi nono a gaban mutane, ina ba shi ina kallon bango. Ana yaye shi yayar maigida ta zo ta goya shi ta tafi da shi unguwarsu, can bayan rafi. Ita ya tashi yana kira Inna. Ni Yaya yake ce mini. In zan yi zancensa sai in ce yaron nan, ko wancan na bayan rafi. Kowa yana yaba ni, ana cewa yarinyar nan akwai alkunya.

Ba wanda ya san in an ce ba shi da lafiya ina zagayawa bayan rumbu in yi kuka in share fuska in dawo in ci gaba da daka.

Maigida ne ya fara karɓar bishara, ni na biyo baya. Ba zan yi ƙarya ba, na bi shi coci ne kamar yadda zan bi shi kowane gari ya ce mu koma. Shi kuwa abin ya shige shi har ɓargo. Bai yi karatu ba, kamar ni, amma ban taɓa ganin wanda ya saba da Allah kamarsa ba. Wata rana da farkon damina na kai masa fura gona, na tarar yana huɗa da shanu yana ta magana. Na zaci da shanun yake. Da na matso sai na ji yana cewa, "Baba, ka ga hadarin can da ya taso ta gabas? Don Allah kada ka bari ya wuce mu. Ka ga dai na sa taki jiya."

Na ce, "Maigida, da wa kake?"

Ya ce, "Da mai gonar."

"To in hadarin ya wuce fa?"

"Sai in tambaye shi dalili gobe da safe. Ai ba mu ɓata ba."

Hadarin ya wuce, ko ɗigo ba mu samu ba. Washegari na laɓe na saurara. Ya tambaya kuwa, har da ɗan ƙorafi, sannan ya yi dariya shi kaɗai ya ce, "To shi ke nan, kai ka sani," ya ci gaba da aikinsa. Haka yake a komai. In ya ji daɗi ya gaya masa, in an ɓata masa rai ya kai ƙara, in ya yi wa wani laifi ya zauna a gindin bedi ya sunkuyar da kai kamar yaron da ya fasa tulu.

Ni ba haka nake ba. A wurina Allah kamar hakimi ne: ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, ka yi gaisuwa, ka tashi ba tare da ka ɗaga ido ba. Waƙa ina yi, har ana cewa ina da murya. Amma in mata sun taru aka ce in yi addu'a sai tari ya kama ni, har wata ta karɓa. In ce masa Baba? Da wane bakin? Gani nake raini ne.

Ranar da aka yi mini baftisma na yi abin da har yau tsofaffin cocinmu suke tsokanata da shi. Da kaka ne, rafi ya ja baya, ruwan ya kwanta. Muna tsaye a bakin gaɓa mu tara, faston wancan lokacin yana ba da labarin ranar da aka yi wa Almasihu tasa baftismar. Ya ce yana fitowa daga ruwa sai aka ji murya daga sama, Allah da kansa yana shaida wa jama'a cewa wannan Ɗansa ne, yana ƙaunarsa, yana kuma jin daɗinsa. Ni ban taɓa jin wannan ba. Ban san lokacin da na rufe fuska da gyale na ce, "Wayyo! A gaban mutane?"

Fasto ya tsaya ya ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Ba shi ne na farinsa ba?"

"Shi ne na fari, shi ne kuma kaɗai."

"Kuma ya faɗa haka, kowa yana ji? Ashe Allah ba ya kunyar ɗan fari?"

Bakin rafin nan ya ɗauki dariya. Wata tsohuwa har da zama a kan yashi tana riƙe ciki, tana cewa, "Ku bar ta, ta yi gaskiya, ni ma na daɗe ina mamaki." Fasto ya yi ta share hawaye da hannun riga. Haka na shiga ruwan kunya kamar ta kashe ni, ban ma ji sanyinsa ba.

Maigida kaɗai ne bai yi dariya ba. A hanyar gida yana gaba ina baya da jiƙaƙƙen zane a ƙwarya, muka yi tafiya mai nisa. Can sai ya tsaya ya ce, "Kin san abin da kika faɗa shi ne abin da ya sa nake binsa? Shekaru ina neman yadda zan faɗe shi ban samu ba."

Na ce, "Kai ma tsokanata za ka yi."

Ya ce, "A'a. Kuma ba a kan Ɗan kaɗai ya tsaya ba. Duk wanda ya shiga ruwan nan yau, an ɗauke shi ɗa, haka ake faɗa a kansa. Har ke."

"Ni ai ba 'yar fari ba ce, ta huɗu ce."

"To ai taki ma ta fi sauƙi."

Tun daga ranar maigida ya ajiye kunyar ɗan fari. Ya riƙa haye rafi yana kiran yaron da sunansa tun daga ƙofar gida, ya dafa kansa a kasuwa, ya ce wa mutane ku ga ɗana. Yayarsa ta zo har gida ta yi masa tas. Ta ce, "Wai addinin nan naku har kunya yake cire wa mutum?" Ya ce, "Ba duka ba, Yaya. Wadda take sa yaro ya zaci ba a sonsa kaɗai." Ta ja tsaki ta ce ya lalace. Bai ji haushi ba, ya raka ta har bakin rafi ɗauke da damin dawa.

Ni na kasa. Na haifi mata uku bayansa, na goya su, na yi musu kitso, na kira su da sunansu har da na wasa. Shi yana zuwa yana gani. In ya gaishe ni sai in amsa ina kallon murhu. Na san yana son ɗanwake da man gyaɗa da yaji mai yawa, in na ji zai zo tun safe nake kwaɓawa, amma sai in ba ƙanwarsa ta kai masa in ce ta ce in ji Baba. Maigida ya sha ce mini, "Ke dai ki gwada sau ɗaya, bakin ba zai tsage ba." In ce masa ai ya sani. Ya ce, "Ta ina zai sani?"

Yaron ya girma ya tafi Funtua. Ya fara da ɗinkin buhu a kasuwar hatsi, har wani Alhaji mai sayen masara ya yarda da shi ya damƙa masa rumfarsa. Ya yi aure, ya haifi nasa. Duk ƙarshen wata yana zuwa, su zauna da ubansa a gindin bedi su yi ta hira har rana ta karkata. Ni ina daga cikin gida ina jin muryarsa, wannan ya ishe ni. Haka muka yi ta tafiya har furfura ta fito masa a gemu.

Sai ciwo ya kama maigida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kai shi asibiti aka dawo da shi, magana tana fita da ƙyar. Kullum da hantsi nakan shimfiɗa masa tabarma a inuwa in zauna kusa da shi ina ɓarar gyaɗa. Ko a haka bai daina hira da Allah ba, sai dai yanzu a hankali. Na ji shi yana cewa, "Baba, hannun nan dai ya yi maka noma, in ka ce ya huta, ya huta." Wata safiya ya juyo ya dube ni ya ce, "Kira sunana."

Na yi dariya na ce, "Tsufa ya zo maka da wasa."

Ya ce, "Ba wasa ba ne. Tun kina yarinya nake tare da ke, ban san yadda yake a bakinki ba. Ina so in ji."

Na duba hagu na duba dama, ba kowa sai kaji. Na buɗe baki. Wallahi sunan ya zo har kan harshena. Sai na ji kamar za a tuɓe ni a tsakiyar kasuwa, na ce, "Bari sai gobe."

Ya yi murmushi da rabin bakin da ke motsi ya ce, "To, gobe."

Bai sake tambaya ba, ni ma na yi kamar na manta. Kwana uku bayan nan, da tsakar rana, ina tankaɗe, ya tafi. Ki dakata da rubutun kaɗan.

An yi jana'iza, jama'a sun zo, har maƙwabtanmu Musulmi sun cika ƙofar gida kwana uku. Ana ta faɗin kirkinsa, ni kuwa abu ɗaya ne yake cina. A rana ta uku ina zaune a bayan zana sai na ji muryar ɗana ta ɗaya gefen, yana magana da matarsa. Ta ce masa sai su riƙa zuwa akai-akai tunda tsohuwa ta zama ita kaɗai. Ya ce, "Abinci ba zai yanke mata ba, wannan na ɗauka. Amma wanda ya san ni a gidan nan ya tafi. In na zo wurin wa zan zauna?"

Ya cika alkawari. Masara tana zuwa, mai yana zuwa, sabulu yana zuwa, duk ta hannun direbobi. Shi ne ba ya zuwa. Wata shida ban sa shi a ido ba. Da matarsa ta kawo mini jikoki na tambaye ta, a kaikaice yadda na saba, "Mutanen gidan naku lafiya?" Ta ce, "Inna, ya daina zuwa coci. Ko addu'ar abinci ba ya yi. Na yi magana har na gaji."

Na ce, "Me ya ce?"

Ta ƙi faɗa sai da na matsa mata. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Cewa ya yi Allah ma irin Yaya ne. Yana ciyar da mutum, amma ba ya yi masa magana."

Ban san yadda na yi sallama da ita ba. Na ɗauki buhu na nufi gona, lokacin ana tsinkar auduga. Na shiga tsakiyar kunyoyin da maigida ya saba huɗarsu da hannunsa, na tsinka ɗaya, biyu, sai na yar da buhun. Na zauna a ƙasa. Maigida ya shekara da shekaru yana nuna wa yaron nan Allah mai kiran ɗansa a gaban jama'a, ni kuma ina gefe ina nuna masa wani daban, kuma nawa ne ya zauna masa. Ga ɗa zan rasa yana da rai, ga shi zai rasa Allahn ubansa saboda ni.

A nan na yi addu'ar farko da bakina. Ba ta da kyau, da faɗa ma na fara. Na ce, "Baba." Na tsaya in ji ko wani abu zai faɗo mini a ka. Ba abin da ya faɗo. Na ce, "Baba, ka ɗauke mai yi maka magana ka bar bebiya. Me za ka yi da ni?" Daga nan sai bakin ya ɓalle. Na gaya masa zancen bayan rumbu, na gaya masa zancen gobe da na ce wa maigida. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'iza.

Ban ji murya ba, kada a rubuta cewa na ji. Abin da na ji shi ne irin abin da mutum yake ji in yana zaune a tabarma shi kaɗai, wani ya zo ya zauna a ɗaya gefen bai ce komai ba. Ka san akwai mutum. Kuma ba hakimi ba ne, don hakimi ba ya zama a ƙasa cikin auduga. Ina zaune sai wani tunani ya zo mini wanda ban taɓa yi ba: ashe shi ma ya ga mutuwar nasa. Ɗan nan da ya yi shelarsa a bakin ruwa, shi ne aka kashe yana gani. Ya san abin da ke gaba, shi ya sa ya faɗa tun da sauran lokaci, da ƙarfi, yadda Ɗan zai ji. Shi bai ce sai gobe ba. Ban ji yana tuhumata ba. Na ji dai kamar ana ce mini ɗaya ya wuce, ɗaya yana nan.

Ranar kasuwar Funtua na yi wanka na ɗaura zanen zuwa coci. Ɗan acaɓa ya fitar da ni bakin titi, na shiga mota. Duk hanya ina gwada sunan a cikin gyale, leɓe yana motsi ba sauti, har matar da ke kusa da ni ta ce, "Inna, haƙori ne?" Na ce mata e.

Kasuwar hatsi ta cika, manyan motoci sun jeru, 'yan dako suna gudu da buhuna suna a ba su hanya. Na yi ta tambaya har aka nuna mini rumfar. Na hango shi daga baya, tsaye a kan tarin buhuna da basilla a hannu yana nuna wa masu lodi inda za su sa. Ƙeyarsa da tsayuwarsa sak na ubansa. Na ji ana ta kiransa, "Fasto, wannan fa?" "Fasto, zo ka duba!" Ashe haka 'yan kasuwa suke ce masa don tsokana, tunda shi kaɗai ne Kirista a layin. Sunansa na yanka ba mai kiransa da shi a nan. A gida ma ubansa ne da Innarsa, kuma dukansu sun rasu.

Na kira. Ko ni ban ji abin da na faɗa ba. Na ce a raina Baba riƙe ni, na kira da muryar da nake waƙa da ita.

Ya tsaya cak, bai juyo nan da nan ba. Da ya juyo sai ya duba ta bayana, yana neman mai kiran. Sannan idonsa ya dawo kaina. Ya diro daga kan buhunan ya ce, "Yaya? Lafiya? Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu."

Alhajin da yake yi wa aiki yana zaune a benci da carbi, dattijo mai fara'a. Ya ce, "Fasto, baƙuwa muka yi? Wace ce?"

Ya ce, "Yayata ce, Alhaji," yadda ya saba.

Na ce, "Alhaji, ba yayarsa ba ce. Ni na haife shi. Shi ne na farina." Na sake kiran sunan, wannan karon ina kallon idonsa. Na ce, "Ina sonka tun ranar da aka aza mini kai a cinya. Ban taɓa dainawa ba. Bakina ne ya yi maka rowa."

Alhaji ya ce, "Subhanallahi! Inna, ɗan fari? A tsakiyar kasuwa?" 'Yan dako suka kwashe da dariya, wani ya ce yau Fasto ya ga ta kansa. Ni ko a jikina. Sai na ga Alhaji ya daina dariyar, ya juya carbinsa ya ce a hankali, "Tawa uwar har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba." Ya daka wa 'yan dakon tsawa su koma bakin aiki.

Ɗana ya zauna a kan buhu ya cire hula ya rufe fuska da ita. Kuka yake yi. Mutum mai furfura, mai 'ya'ya biyar. Na tsaya a kansa ban san abin da ake yi ba, don ban taɓa rarrashinsa ba. Can ya ɗago ya ce, "Yaya, ke da kika zo tun daga gida, ko ruwa an ba ki?" Ya aika aka kawo mini kunu.

Zancen coci ban yi masa ba, ranar ko bayanta. Wannan tsakaninsa ne da wanda ya fi ni sanin sunansa, kuma yanzu ina kai masa maganar kullum da safe, da bakina.

Da la'asar na ce zan je in hau mota. Ya ce wace mota. Ya miƙa wa Alhaji makullin rumfa, ya turo babur ɗinsa ya ce in hau. Na hau na riƙe ƙarfen baya. Muna fita gari, inda titi ya fara ramuka, ya ce, "Yaya, ƙarfen nan ba zai riƙe ki ba. Ki riƙe ni." Rabon da in taɓa jikinsa tun ranar da aka yaye shi. Na kama gefen rigarsa da yatsu biyu. Ya ce, "Da kyau fa." Na zagaya hannu na riƙe shi. Ya rage gudu, motoci suna ta wuce mu suna yi masa hon, bai kula ba. Da muka kai mararrabar ƙauyenmu na ce ya sauke ni a nan in ƙarasa, kada dare ya yi masa. Ya ce ba yau zai koma ba, ya karya kan babur ya shiga da ni har ƙofar gida.